Rigar Mai Shayi

Ranar Talata suka kawo ta,
cikin ambulan, an liƙe bakinsa da jan danƙo.
Kofur ya sa hannu, na sa nawa,
muka rubuta rana, muka rubuta ƙarfe nawa.
Riga ce shuɗiya, wuyanta ya sha wanki,
maɓalli biyu sun tafi yawo,
a ƙirji ga tabo ya bushe,
launin goron da aka tauna aka tofar.

Mai rigar na gidan yari tun kafin azumi.
Barmo sunansa, mai shayi a Kakuri.
An tsinci gawa a bayan teburinsa,
an tsinci tabo a gaban rigarsa,
unguwa ta yanke hukunci
tun alƙali bai karya kumallo ba.

Ni ba a ɗauke ni aiki don in yi zato ba,
zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.
Shekara huɗu ina haddar sinadarai,
biyu ina wanke kwalaben wani,
kafin a yarda in riƙe hantsaki.
Safar hannu, takunkumi, gashi a ɗaure tamau,
ko tari ba na yi a kan tebur,
kada yawuna ya shiga shari'ar da ba tawa ba.

Sai ruwan gwaji ya ƙare.
Takardar saye ta shiga yawon ofis-ofis,
wata biyar tana gaida manya.
In an ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya mutu,
ni da Kuyet mu haɗa kuɗin abincin rana
mu sayo ƙanƙara mu cika firji,
don jinin mutane kada ya lalace a hannunmu.

Albashina kwana goma sha biyu yake rayuwa.
Mai gida a Unguwar Sanusi ya san ranar haihuwarsa,
mai kanti ya san ranar jana'iza.
Kuɗin haɗarin aiki?
Bai cika kwanon shinkafa ba.
Inna kuma ta rantse gawa nake fiɗa,
ba ta cin tuwona sai ta ga sabulu ya yi kumfa sau uku.

Wata la'asar wani ya tare ni a bakin ƙofa,
turarensa ya riga shi sallama.
Shi ma da nasa ambulan, mai kauri.
"Malama, rubuta abin da kowa ya riga ya sani."
Na dubi ambulan ɗin.
Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina dubansa.
Sannan na tsayar da a-daidaita-sahu.

Ruwan gwaji ya iso da farkon damina.
Na gwada, na sake, Kuyet ta sake a bayana.
Jinin akuya ne.
Ashe ranar sunan ɗan maƙwabci
shi ya danne ƙafafu aka yanka.
Ya faɗa tun daren farko, babu mai rubutawa.

A kotu lauya ya yi sa'a uku yana juya ni
kamar waina a tanda.
"Kin tabbata?"
Na ce, ban ga wanda ya yi kisa ba,
riga na gani,
riga kuwa ta ce akuya.
Barmo kansa na ƙasa, bai ɗago ba ko sau ɗaya.

Jiya na bi ta Kakuri bayan magariba.
Tukunya na huci, ya rame, amma hannunsa bai mance ɗaga kofi ba.
Na zauna a ƙarshen benci.
Bai gane ni ba.
"Hajiya, ɗari biyar ne, madara ta yi tsada."
Na biya, na sha har ƙasan kofi.

Rigar na nan a kanta ta uku, da lambarta.
Kusa da ita akwai wani kwali,
takalmi ɗaya, agogo, hula:
kayan mutumin bayan tebur.
Shi har yau ba wanda ya amsa masa.
Gobe da safe, in akwai wuta,
zan sake buɗe shi.